Kiɗan mutum huɗu na Turawa: sana'a ce mai ciyarwa ko wahala ce sanye da kwat?

Hadiza (Manchesta): Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san harkar ya sa baki. Yarona na biyu shekararsa 14, tun yana ɗan 7 yake koyon celo, wato babban gogen nan na Turawa da ake zama a kan kujera a jingina shi tsakanin gwiwoyi. Malamarsa ta ce mu kai shi gwajin shiga Chetham's, makarantar kiɗa da ke nan garin. Shi kuma ba babbar ƙungiyar makaɗa ta mutum 80 yake sha'awa ba, wai kiɗan zaure yake so, irin na mutum uku ko huɗu da ba su da madugu mai kaɗa musu sanda. Babansu ya ce shi bai hango abin ci a ciki ba. Masu wannan kiɗa ta ina suke bi su ƙware, kuma da me suke riƙe gida?

Aminu (Kano): Wa'alaikumus salam Anti. Ni lissafin kuɗi na karanta, kuma wannan lissafin bai yi mini ba. Mai kiɗa shi kaɗai ya karɓi nasa ya sa aljihu, waɗannan kuwa duk abin da aka ba su sai an kasa huɗu. Ina bayan Baba.

Zainabu (Jamus): Aminu bai yi ƙarya ba, sai ma dai ya rage. A ofishin wani zauren kiɗa nake aiki, takardun yarjejeniya da na masauki ta hannuna suke bi, saboda haka bari in faɗi abin da nake gani.

Rukunin da ya fi shahara a wannan fanni shi ake kira kwatet: bayolin biyu, biyola ɗaya wadda ta ɗan fi bayolin girma da kaurin murya, sai celo. A ce, misali kawai nake bayarwa, an yi ciniki da su a kan Yuro 8,000 na dare ɗaya. Dillalin da ya samo musu aikin zai zare kashi 15 zuwa 20 cikin 100. Idan jirgi za su hau, kujera biyar za su saya ba huɗu ba, don babu mai celo da zai yarda a jefa masa kayansa cikin akwatuna. Celo ɗin tikiti ake yankar masa, a ɗaure shi da bel kamar fasinja. Ga otal, ga jirgin ƙasa, ga inshorar kayan kiɗa. In kuma daga wata ƙasa suka zo, hukumar haraji ta Jamus tana cire wajen kashi 15 tun kuɗin bai isa hannunsu ba.

Abin da ya fi duk wannan ciwo shi ne makonnin da suka yi suna maimaici kafin daren nan babu wanda ya biya su ko sisi.

Aminu (Kano): To bari in buga. An cire wa dillali 1,600, saura 6,400. Tafiya da masauki a ce 2,000, saura 4,400. Kowa ya tashi da 1,100, haraji bai shigo ba tukuna. Sau nawa ake kiran su a shekara?

Zainabu (Jamus): Manyan da suka yi suna sukan kai wasa 80 ko 100, amma su ƙalilan ne, kuma rabin shekara ba sa kwana a gidajensu. Sabbin tashi in sun samu 20 sai godiya, kuma ba a wannan farashin ba.

Malam Garba (Kaduna): Salamu alaikum. Ni tsohon ma'aikacin rediyo ne, a zamaninmu akwai faya-fayen garmaho na irin wannan kiɗa jibge a ɗakin ajiya, kuma na karanta tarihinsa gwargwado. Hadiza, 'yata, ki sani wannan kiɗa tun asalinsa ba a kasuwa aka haife shi ba, a gidan sarauta aka haife shi. Haydn, wanda ake wa kallon uban kwatet, ya shiga hidimar gidan Esterhazy a 1761, ya yi kusan shekara 30 yana sa kayan barorin gidan, yana jiran a ce masa yau ga abin da yarima yake so ya ji. Bambancinsa da Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa shi ne shi yana rubuta nasa a takarda. Rukunin farko da aka sani da cin abinci da kwatet, na Schuppanzigh a Biyena, albashinsu daga aljihun Razumovsky yake fitowa, jakadan Rasha, tun 1808. Da fadarsa ta ƙone a ƙarshen 1814, ba a daɗe ba aka sallame su. Kin ga ke nan, kiɗa ne mai son uban gida. Tambayar da za ki yi ita ce, yau wa ye uban gidan?

Dakta Bashir (Amurka): Allah ya ƙara lafiya Malam. Tambayar ta yi, amma ina da ɗan ja a kan Haydn. A 1779 an sabunta masa yarjejeniya, aka sake masa mara ya sayar wa masu buga takardun kiɗa, kuma tafiye-tafiyensa biyu zuwa Landan a shekarun 1790 su suka mai da shi mai dukiya. Wato tun a lokacin ƙafa ɗaya tana fada ɗaya tana kasuwa. Har yau haka abin yake.

Uban gida na yau a nan Amurka jami'a ce. Labarin yadda abin ya faro ma abin ji ne. Wani kwatet na Beljiyam mai suna Pro Arte yana garin Madison yana wasa a watan Mayun 1940 lokacin da sojojin Jamus suka afka wa ƙasarsu. Komawa gida ta gagara, Jami'ar Wisconsin ta ɗauke su a matsayin makaɗanta na zaune. Daga nan wasu jami'o'i suka kwaikwaya. Kwatet ɗin Emerson sun daɗe a jami'ar Stony Brook, na St. Lawrence a jami'ar Stanford, na Juilliard kuwa makarantar kiɗan mai wannan suna ce ma ta kafa shi a 1946. A jami'ar da nake koyarwa akwai irinsu. Suna koyar da ɗalibai, su yi wasa 'yan lokuta a shekara a harabar jami'a, sauran lokaci su fita yawon wasa. Abin da suke samu a nan ba albashi kaɗai ba ne, akwai inshorar lafiya, wadda duk mazaunin ƙasar nan ya san abin da rashinta yake nufi. Amma guraben ba su da yawa, kuma wanda ya shige ba ya fita da wuri.

Abu Maryam: Ni kam ina mamaki. Ana ta lissafin Yuro, babu wanda ya tambayi hukuncin kiɗan kansa.

Hajiya Rabi (mai kula da zaure): Malam Abu Maryam, mun yi wannan muhawarar a baya, kowa ya kawo malamansa. Ita da maigidanta sun san inda za su kai waccan tambayar. A nan sana'ar ta tambaya, mu tsaya a kai don Allah.

Hadiza (Manchesta): Na gode Hajiya. Dakta, maganar karatun fa? In ya shiga makarantar shi ke nan ya kama hanya?

Dakta Bashir (Amurka): Ya kama bakin hanya dai. Bari in ɗan tsawaita a nan, ku yi haƙuri.

Masu kaɗa tsirkiya kusan dukkansu tun suna 'yan 4 zuwa 8 suka fara, don haka naki bai makara ba. Akwai ma tsarin Suzuki na Japan da ke ɗaukar yaro tun yana ɗan 3. A shekarunsa na yanzu, sa'o'insa masu niyyar sana'a suna yin awa uku zuwa huɗu kullum su kaɗai a ɗaki, ban da karatun boko. Bayan sakandare sai babbar makarantar kiɗa, shekara 4 digiri na farko, 2 na biyu. Shiga kuwa ba da takardar sakamako ba ne, za ka tsaya gaban malamai ka kaɗa na 'yan mintoci, a nan za a yanke. Makarantar kiɗa ta Curtis da ke Filadelfiya, wadda aka kafa a 1924, ba ta karɓar kuɗin karatu tun 1928, amma ɗalibanta gaba ɗaya ba su kai 200 ba, daga duk duniya.

To ga inda gizo ke saƙar. Duk wannan horon na mutum ɗaya ne. Awa ɗaya a mako kai da malaminka, sauran kwanaki kai da bango. Ana gina yaro ya zama tauraron da zai tsaya gaba, ko ya ci gwajin shiga babbar ƙungiya. Kiɗan zaure kuwa wani karatu ne daban, kusan sai ka warware wani abu daga cikin abin da aka ɗora maka. Waɗannan kayan ba su da gurbin da aka yanka wa yatsa, kunne ne ke nuna inda sauti yake, kuma wurin da ya yi daidai in kana kai kaɗai ba lallai ya yi daidai ba idan aka haɗa muryoyi huɗu. Sai mai biyola ya ɗan sassauta yatsa ƙasa kaɗan don haɗin ya zauna. Saurin jan baka, yawan girgiza yatsa, inda za a ja numfashi, duk sai an daidaita. Babu madugu, don haka shigowa tare da shaƙar numfashin mutum ɗaya ake gane ta, ko ɗaga girarsa. Na taɓa zama ina kallon na jami'armu suna maimaici, suka kwashe wajen rabin awa a kan layi ɗaya da bai wuce daƙiƙa goma ba, suna gardamar wa zai rage murya. Ni da ban san kan abin ba duk ɗaya na ji su.

Shi ya sa bayan kowa ya gama nasa digirin, rukunin kansa yake komawa ɗalibi a hannun tsofaffin 'yan kwatet. Günter Pichler na rukunin Alban Berg ya horar da matasa da yawa a makarantar Reina Sofia ta Madrid. A nan kuma akwai taron horon makaɗa na Marlboro a jihar Vermont, tun 1951, inda ake zaunar da yaro ɗan shekara 22 kusa da dattijon da ya yi shekara 40 a fage, su yi makonni a kan kiɗa ɗaya, ba lallai ma a fito da shi gaban jama'a ba. A can aka haɗa rukunin Guarneri a 1964.

Isuhu (Liyon): Sannunku da hira. Mu nan Faransa hanya ta ɗan bambanta. Kusan kowane gari yana da lakwal ɗin kiɗa na hukuma, kuɗinsa kaɗan ne, yaro yana tashi daga makaranta ya wuce can. Manyan na ƙasa biyu ne, na Faris da aka kafa tun 1795 da na nan Liyon. Rukunin Ebène ba a babbar ma suka haɗu ba, a ta Boulogne-Billancourt ne a 1999, kuma ba su yi suna ba sai da suka ci gasar ARD a Munik a 2004.

Wajen abinci kuma gwamnati ce uban gida, Malam Garba. Akwai tsari na masu aikin wasa da ba su da aiki na dindindin: in ka tara awa 507 na aikin da aka biya ka cikin wata 12, za a riƙa ba ka alawus a kwanakin da ba ka da aiki. Maƙwabcina mai busa sarewa ne, duk ƙarshen shekara sai ka gan shi yana ƙirga awanni, ko wasan bikin aure ne ba ya ƙi in dai za a rubuta masa takarda.

Zainabu (Jamus): Mu ma akwai asusun masu fasaha tun 1983, yana ɗauke wa mai zaman kansa wajen rabin kuɗin inshorar lafiya da na fansho. Kuma Jamus tana da manyan ƙungiyoyin makaɗa sama da 120 da hukuma ke ɗaukar nauyi. Shi ya sa da yawa daga masu kiɗan zauren da ke zuwa wajenmu ainihin albashinsu daga babbar ƙungiya yake, zauren na ranakun hutu ne. Anti Hadiza, ki gaya wa yaron kada ya raina babbar ƙungiya tun yanzu. Ita ce ke da albashin wata.

Maganar gasa da Isuhu ya taɓo, ita ce ƙofar da kusan kowa ke bi. Banff a Kanada tun 1983, duk shekara uku. Ta Wigmore Hall a Landan ita ma duk shekara uku. Akwai ta Borciani a Italiya. Kuɗin kyautar ba shi ne abin nema ba, jerin wasannin da ake shirya wa wanda ya ci da dillalan da ke zaune cikin 'yan kallo su ne. Rukunin Dover sun haɗu a Curtis a 2008, suka ci Banff a 2013, daga nan duniya ta san su. Amma tsugune ba ta ƙare ba, don bayan shekara uku sababbin zakaru za su fito, masu shirya wasa kuma su koma kansu saboda sun fi araha kuma su ake yayi. A ofishinmu shekara ta huɗu da ta biyar bayan gasa muke gane wanda zai daɗe. Wanda ya zo na huɗu a gasar kuma, wallahi sau da yawa kunnena ba ya bambanta shi da na ɗaya, amma wayarsa ba za ta yi ƙara ba.

Aminu (Kano): Wato a yi shekara 20 ana koyo, sannan alƙalai bakwai su yanke maka rayuwa cikin mako ɗaya. Anti, likitanci fa?

Hadiza (Manchesta): Aminu kai da Babansu bakinku ɗaya, kamar kun haɗa baki.

Malam Garba (Kaduna): Ku bar yaron nan Aminu, gaskiya yake faɗa ko da ɗaci. Sai dai ni abin da ya fi ba ni tsoro ba kuɗi ba ne, zaman ne. Mutum huɗu, babu shugaba, kowa gwani ne, kowa tun yana yaro ake ce masa babu kamarsa. In an yi ƙuri'a biyu da biyu wa zai raba?

Dakta Bashir (Amurka): Malam ka taɓo inda ni ma nake ganin nan ne asalin maganar. Wasu masana harkar gudanarwa biyu, Murnighan da Conlon, sun yi nazarin kwatet 20 na Birtaniya, suka fitar da sakamakon a 1991. Abubuwa uku suka gano suna cin kowane rukuni. Na farko, ana cewa kowa daidai yake, alhali mai bayolin na ɗaya shi ke riƙe da yawancin waƙar kuma shi jama'a ke kallo. Na biyu, mai bayolin na biyu dole ya kai na ɗaya iyawa, amma ya yarda ya zauna a inuwarsa shekara da shekaru. Na uku, a fito da saɓani fili ko a haɗiye. Waɗanda suka yi nasara ba warware waɗannan suka yi ba, sun dai san da su, suka iya zama da su.

Kowane rukuni da dabararsa. Emerson, daga 1976 har suka ajiye a 2023, masu bayolin ɗinsu biyu karɓa-karɓa suke yi da kujerar gaba. Guarneri kuwa an san su da cewa in an tashi daga aiki kowa ya kama gabansa, ba dole sai an yi tafiya tare ko an ci abinci tare ba, kuma da haka mutum huɗun farko suka kai shekara 37 ba a canza kowa ba, sai a 2001 da mai celo ya yi ritaya.

In abin ya ɓaci kuma yana ɓaci da gaske. Rukunin Audubon sun kori mai bayolin ɗinsu na ɗaya a 2000, ya kai su kotu, aka yanke a biya shi sama da dala 600,000. Sauran suka shiga fatara, har kayan kiɗansu suka kusa salwanta. Babu makarantar kiɗan da ta koya musu yadda ake rubuta yarjejeniyar haɗin gwiwa, alhali a idon doka kamfani ne suke da shi.

Zainabu (Jamus): Wannan gaskiya ne. A cikin kowane rukuni za ka tarar an raba aikin ofis: wannan ke amsa wasiƙu, wannan ke sayen tikiti, wannan ke riƙe asusu, wannan ke kula da shafinsu na intanet. Wanda ke amsa mini wasiƙa da ƙarfe ɗaya na dare daga filin jirgi shi ne zai hau dandali gobe ya kaɗa Beethoven. Kuma ina faɗa muku, tsakanin rukuni biyu masu iyawa ɗaya, wanda ke amsa wasiƙa a kan lokaci shi muke sake gayyata.

Hadiza (Manchesta): Kayan kiɗan fa? Wanda yake amfani da shi yanzu haya muke yi, malamar ta ce nan gaba sai an nemi na kirki.

Zainabu (Jamus): Ki shirya. Celo na ƙwararru da wani maƙeri na zamani ya sassaƙa, ba abin mamaki ba ne ki ji fam 20,000 ko fiye, baka kuma kuɗinta daban, tsirkiyoyi huɗu kaɗai sukan haura fam 200 kuma canza su ake yi. Tsofaffin na Italiya ba a maganarsu. Wani bayolin da shahararren maƙerin Italiya Stradivari ya yi a 1721 an sayar da shi fam miliyan 9.8 a 2011. Yawancin makaɗa ba sa mallakar irin waɗannan, aro ake ba su. Rukunin Tokyo sun yi shekaru tun 1995 suna kaɗa kayan Stradivari huɗu na wata gidauniyar Japan, da suka watse a 2013 kayan suka koma hannun masu su. Ɗalibai ma akwai gidauniyoyin da ke ba su aro, makarantar za ta nuna muku hanya.

Malam Garba (Kaduna): Kun ji ko? Har gogen ma na uban gida ne.

Dakta Safiya (Leeds): Ina ta karantawa ban yi magana ba. Ni ɓangaren gashin ƙashi da jijiyoyi nake, kuma makaɗa suna zuwa mana. Wuya, kafaɗa, wuyan hannu, ƙugu ga masu celo. Akwai kuma wata lalura da yatsu ke daina bin umarni a kan motsin da aka fi maimaitawa, ita ta hana Leon Fleisher amfani da hannunsa na dama tun 1964, yana tsakiyar tashensa a fiyano, ya yi shekaru da dama yana kaɗa na hannun hagu kaɗai. Mai zaman kansa in hannu ya tsaya kuɗi sun tsaya, kuma ba nasa kaɗai ba, har na sauran ukun. Yaya Hadiza, in yaro ya ce hannu na ciwo kada a ce ya daure.

Amma ban yarda a tsorata ki gaba ɗaya ba. Chetham's suna yin karatun boko cikakke tare da kiɗan, akwai masu gamawa su tafi jami'a su karanta wani abu daban. Kuɗin makarantar kuma akwai tallafin gwamnati da ake aunawa da abin da iyaye ke samu. Shiga a shekara 14 ba rufe sauran ƙofofi ba ne. A 18 ne za a yi babban zaɓi.

Isuhu (Liyon): Wani abu da ba a faɗa ba, launin fata. In ka shiga zauren nan ka duba dandali ka duba kujeru, kai kaɗai ne baƙi sau da yawa.

Dakta Safiya (Leeds): Haka ne, amma a Ingila an ɗan motsa. Chi-chi Nwanoku, wadda mahaifinta ɗan Najeriya ne, ta kafa ƙungiyar makaɗa ta Chineke! a 2015 saboda wannan matsalar, kuma suna da reshen yara. Sheku Kanneh-Mason, shi ma mai celo, ya ci gasar matasan makaɗa ta BBC a 2016, baƙar fata na farko da ya ci. A gida suka taso suna kiɗan zaure shi da 'yan uwansa a Nottingham. Sai dai kada a ɗauki mutum ɗaya a yi ma'auni da shi.

Aminu (Kano): To wanda ke gida Najeriya yana sha'awa fa? Tambaya ce kawai, ba ni ba.

Malam Garba (Kaduna): Sai ya nufi Legas. MUSON, ƙungiyar kiɗa ta Najeriya da aka kafa a 1983, tana da cibiya a Onikan, suna da makaranta mai ba da difloma. Yawancin masu bayolin na can a coci suka fara, kuma bukukuwa da koyar da 'ya'yan masu hali ne abincinsu.

Ni dai rukunin da ya fi burge ni Amadeus ne. Uku daga cikinsu Yahudawa ne 'yan gudun hijira daga Biyena, Ingila ta tsare su a sansani lokacin yaƙi a matsayin 'yan ƙasar abokan gaba, a can suka san juna. Suka fara a 1947, shekara 40 ba a canza ko mutum ɗaya ba. Da mai biyola Peter Schidlof ya rasu a 1987, sauran suka ce ba za su sa wani a kujerarsa ba, suka rufe. Wannan shi ne mutunci.

Dakta Bashir (Amurka): A nan kam Malam ban bi ka ba. Na Juilliard babu ko ɗaya daga waɗanda suka kafa shi, Robert Mann ya yi shekara 51 ya sauka a 1997, amma rukunin na nan yana aiki. Da kowa zai yi irin na Amadeus, da matasa ba su samu kujerar gado ba. Beaux Arts, masu fiyano da bayolin da celo, daga 1955 zuwa 2008 Menahem Pressler kaɗai ne bai canza ba, sauran kujerun biyu hannu da yawa suka bi. Ga yaro mai tasowa, shiga tsohon rukuni mai suna da dillali da jadawalin shekara biyu a gaba ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan kafa sabo daga tushe.

Malam Garba (Kaduna): Suna ne ya rage Dakta, ba rukunin ba. In na sayi faifan 1960 na sayi na bana, ba mutane ɗaya nake ji ba.

Aminu (Kano): Ni tambayata ta 'yan lissafi ce. In mutum ya fita, ana biyansa kasonsa na sunan? Shi kuma mai shigowa saye yake yi?

Zainabu (Jamus): Ya danganta da abin da suka rubuta tun farko, in sun rubuta. Wasu sukan yi wa sunan rajista a matsayin na kamfaninsu, wasu sai rigima ta taso suke tunawa. Mai shigowa dai ba da kuɗi yake shiga ba. Za su gayyaci mutum uku ko huɗu ɗaya bayan ɗaya, a yi maimaici da kowa, sannan a fita yawon wasa da wanda ya fi kwanta musu, wani lokaci watanni, kafin a ce ya zama ɗan gida. A bara wani rukuni ya zo mana da mai celo na gwaji, a takardar shirin wasa ma sunansa daban muka buga a ƙasa. Na tambayi mai biyolarsu yaya yake, ta ce kiɗansa ba shi da matsala tun ranar farko, yanzu suna duba yadda yake ne idan jirgi ya yi lattin awa shida.